Kundin aiki: daidaita girman hoto da siffarsa a shirin noman rani na Dadin Kowa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An gama ɗauka a gonakin da ke ƙasan madatsar ruwan Dadin Kowa, kayan duka sun iso ɗakin tacewa a cikin garin Gombe. Shirin na minti 26 ne, kan noman rani: shinkafa, tumatir, albasa da yadda ake raba ruwa. Wurare uku za a kai shi, gidan talabijin, YouTube, sai gajerun yanka na tsaye don TikTok da sitatus. Gidan talabijin ya nemi 1920x1080, firem 25 a sakan, wato hotuna 25 a kowane sakan, don haka wannan ne mudun da za a auna kowane hoto da shi.

Kafin a jawo komai cikin Premiere Pro, manhajar da ake tace bidiyon da ita, an bi kowace folda da MediaInfo, manhajar da ke nuna ma'aunin kowane fayil. Babbar kyamara ta ba da 3840x2160 a firem 25, ba ta da matsala. Jirgin ɗaukar hoto daga sama ya ba da 4096x2160, wasu a firem 29.97. Akwai bidiyo 40 daga wayoyin manoma, wasu a kwance wasu a tsaye, 31 daga cikinsu ta WhatsApp aka turo. Sai tsofaffin kaya da za a nuna yadda gonakin suke a da: fayil 4 da aka ce daga kaset ɗin HDV aka kwafo, kaset 2 na DV, da faifan DVD guda.

Abu uku za a riƙa rubutawa a gaban kowane fayil, domin a nan ake ruɗewa. Girman hoto, wato yawan fiksel, ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, a kwance da a tsaye. Siffar allo, wato 16:9 ko 4:3 ko 9:16. Sai siffar shi kansa fiksel ɗin, domin ba kowane fiksel ne murabba'i ba. A wasu tsofaffin kyamarori faɗinsa ya fi tsayinsa, kuma idan manhaja ba ta san haka ba, za ta nuna mutum a matse.

Laraba, 8 ga Janairu

Sikwens ɗin gwaji, wato filin da ake jera yankan bidiyo a kai, ya fito a 848x480. Dalili: bidiyon da aka fara jawowa na WhatsApp ne, aka sake shi kan maɓallin sabon sikwens, manhaja ta ɗauki ma'auninsa. Duk abin da aka ɗora bayansa sai ya yi girma ya fice daga allo, hoton 4K kuwa hancin manomi kaɗai ake gani. An goge shi, an buɗe sabo da hannu: 1920x1080, firem 25, fiksel murabba'i 1.0, sauti 48000. Daga yanzu duk lokacin da akwatin gargaɗi ya fito yana cewa bidiyo bai dace da sikwens ba, "Keep existing settings" ake dannawa. Ɗaya maɓallin zai sake juya sikwens ɗin gaba ɗaya.

Na WhatsApp ɗin ba su da magani a ɗakin tacewa. An riga an matse su, 848x480 ma ba 16:9 cif ba ne, 1.767 ne maimakon 1.778, kuma sai an ƙara su zuwa kashi 226 cikin ɗari kafin su cika allo. An aika a karɓo na asali daga wayoyin, ta Xender ko a katin memori. Wanda ke nesa ya turo a matsayin takarda, ba daga ɗakin hotuna ba, ta haka WhatsApp ba ya taɓa fayil ɗin.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yau gaba ɗaya a kan fayilolin HDV aka wuni.

MediaInfo ya nuna 1440x1080, siffar allo 4:3. A kan sikwens sun zauna da baƙin shinge mai faɗin fiksel 240 hagu da dama, kuma da farko an ɗauka haka aka ɗauke su. Abin da ya tona asiri shi ne wani dattijo da ke tsaye kusa da injin ban ruwa. Fuskarsa doguwa siririya kamar ya tashi daga jinya, hularsa ta yi tsini, gargaren injin da ke gefensa kuma ya koma kamar ƙwan zabuwa a tsaye. An tsayar da hoton, an fitar da firem ɗin, an auna gargaren: faɗi fiksel 210, tsayi 280. Rabawa ta ba da 0.75, wato an matse hoton da kashi ɗaya cikin huɗu.

Haka HDV yake tun asali. Kyamarar tana ganin 16:9, amma fiksel 1440 kawai take rubutawa a kowane layi, kowanne da faɗin 1.333. In an ninka 1440 da 1.333 sai a samu 1920. Akwai 'yar alama a cikin fayil da ke gaya wa manhaja ta buɗe hoton. Wanda ya juya kaset ɗin zuwa MP4 a shekarun baya ya zubar da alamar, shi ya sa fayil ɗin ke cewa fikselinsa murabba'i ne alhali ba haka ba ne.

Gyaran a Premiere: a zaɓi fayilolin a cikin bin, wato ma'ajiyar fayiloli, ba a kan taimlayin, inda ake jera yanka, ba, a danna dama, Modify, Interpret Footage, a wajen siffar fiksel a zaɓi "HD Anamorphic 1080 (1.333)". A nan kuma aka saita jerin layi zuwa "Upper Field First", wanda shi ne na HDV. Nan take shingen ya ɓace, gargaren ya zama da'ira, 280 da 280.

Sai wata ta taso. Yanka 9 da aka riga aka jera jiya sun buɗe fiye da kima, fuskoki sun zama kamar faranti. An gano an gyara su da hannu tun jiya, an cire alamar Uniform Scale an ja faɗin zuwa 133. Da aka gyara daga tushe sai buɗewar ta ninku, 1.333 sau 1.333, kusan 1.78. An mayar da su 100. Jan hoto da hannu a kan taimlayin ba gyara ba ne, faci ne: sai an maimaita shi a kowane yanka, kuma ba a san inda aka yi da inda aka manta ba. An hana shi a wannan aikin.

Tunda za a kai shirin DaVinci Resolve don gyaran kala, an kuma mayar wa fayilolin alamarsu, don kowace manhaja ta karanta daidai ba sai an gaya mata ba. Ba a sake matse hoton ba, kwafi ne kawai da ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni, sakan kaɗan yake ɗauka:

ffmpeg -i hdv1.mp4 -c copy -aspect 16:9 -bsf:v h264_metadata=sample_aspect_ratio=4/3 hdv1_gyara.mp4

Kan gwajin da'ira: sai abin ya fuskanci kyamara sosai. Tayar babur da aka ɗauka daga gefe-gefe dole ta yi kama da ƙwai ko da hoton lafiyarsa lau. Bakin rijiya ko bakin durom da aka hango daga tsaye ma haka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a ɗakin tacewa in ka kalli matsattsen hoto na minti goma idon sabawa yake yi. A auna da lamba.

Litinin, 13 ga Janairu

Kaset ɗin DV sun shigo, kowanne awa ɗaya, kusan gigabait 13. Girmansu 720x576, tsarin PAL da Najeriya ke kai, siffar allo 4:3.

A nan akwai ɗan bambanci da ke sa editoci musu. In aka ce duk fiksel 720 ɗin ne 4:3, siffar fiksel za ta zama 1.067, hoton ya buɗe zuwa 768x576. Amma a ƙa'idar talabijin ta da, hoton ainihi yana cikin fiksel kusan 702 zuwa 704 ne na tsakiya, sauran gefe ne. Shi ya sa Premiere ke amfani da 1.094, hoton ya buɗe zuwa 788. Tazarar kashi 2.5 ce cikin ɗari, mai kallo ba zai kama ba, amma in aka haɗa yanka biyu na wuri ɗaya da aka lissafa daban-daban, za a ga hoton ya ɗan yi tsalle. A kaset ɗinmu akwai siririn baƙin layi na kusan fiksel 8 a kowane gefe, alamar cewa lissafin 704 ne ya dace. An yanke su.

Haka kuma hoton layi-layi ne: kowane firem rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban, ɗaya da layi na 1, 3, 5, ɗaya da na 2, 4, 6. Duk inda hannu ya motsa, gefensa sai ya yi haƙora kamar matsefi. Dole a haɗe layukan kafin a ƙara girma. In aka fara ƙara girma, haƙoran sun zama ɓangaren hoton, ba abin da zai cire su. DV na fara da rabin ƙasa, saɓanin HDV, kuma in aka juya su motsi zai riƙa karkarwa gaba da baya.

ffmpeg -i dv1.avi -vf "bwdif=mode=send_frame:parity=bff,crop=704:576:8:0,scale=1440:1080:flags=lanczos,setsar=1" -c:v prores_ks -profile:v 1 -c:a pcm_s16le dv1_4x3.mov

Yanzu a folda ɗaya akwai fayiloli iri biyu masu lamba ɗaya, 1440x1080. Na HDV 16:9 ne a matse, na DV 4:3 ne na gaskiya. Wanda ya zaɓe su gaba ɗaya ya ɗora musu 1.333 zai ɓata na DV. An sa wa kowanne siffarsa a ƙarshen suna, an kuma ba su kala daban a bin.

An yi shawarar ko a cika allo da na DV ɗin. Cikawa na nufin 1920x1440, a yanke layi 360, kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, kuma an ninka asalin sau biyu da rabi. An gwada a wajen da mata ke tsince tumatir: kawunansu sun tafi, kwandunan sun tafi, abin da ya rage ya dushe. An bar su a 4:3 da baƙin shinge. Tsohon hoto ne, mai kallo zai gane haka, kuma shingen ma na taimakawa wajen raba da da yanzu.

Talata, 14 ga Janairu

DVD ɗin ya zo da shinge ta ko'ina, sama da ƙasa da gefe biyu, hoton na tsakiya kamar tambarin wasiƙa. An ɗauke shi a 16:9, aka saka shi cikin 4:3 da baƙi sama da ƙasa, baƙin ya zama ɓangaren fayil, sannan sikwens ɗinmu ya ƙara nasa a gefe. Matatar cropdetect ta ffmpeg ta ba da 720:432:0:72, wato layi 72 baƙi a sama, 72 a ƙasa. An haɗe layuka, an yanke, an kai 1920x1080. Layi 432 ne kawai na hoto, an ƙara shi zuwa kashi 250. Sakan 14 za a yi amfani da su, kuma daga nesa aka ɗauke su, za su wuce.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na asali 26 sun dawo daga wayoyin manoma, 5 an riga an goge su. Matsalolinsu uku.

Ta farko, juyawa. Waya ba ta rubuta hoton tsaye a tsaye. Tana ajiye shi 1920x1080 ne ta liƙa alamar a juya shi digiri 90. Bidiyo 3 an fara ɗaukarsu waya na tsaye sannan aka kwantar da ita, alamar kuwa ta farkon ɗauka ce, don haka suka shigo a kishingiɗe. An juya su digiri 90 a Motion, sikeli 100, wato girmansu na asali, sun cika allo cif ba asarar komai, tunda dama hoton kwance ne a ciki.

Ta biyu, waɗanda suke na tsaye da gaske. 1080x1920 a sikwens ɗinmu yana zama a kashi 56.25, faɗinsa 608, da shinge mai faɗin 656 kowane gefe. In an ce a cika allo sai an kai kashi 178, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ne zai rage. Guda 2 da aka ɗauka a 2160x3840 sun ba da dama: a kashi 88.9 suna cika faɗin ba tare da an ƙara girma ba, sai dai a zaɓi inda za a tsaya, an tsaya kan hannun da ke buɗe bakin kwata. Sauran an ajiye su a tsakiya, da kwafinsu a baya an ƙara masa girma an dusashe shi. Ba kyakkyawan abu ba ne, an dai fi son sa a kan baƙi mai cin kashi biyu cikin uku na allo. A lissafin ffmpeg 607.5 ba ya shiga, H.264, tsarin matse bidiyo, na son lamba mai rabuwa biyu, don haka scale=-2:1080 ake rubutawa, ya zaɓi 608 da kansa.

Ta uku ba ta siffa ba ce amma tare suke zuwa. MediaInfo ya nuna yawan firem ɗin ba tsayayye ba ne, yana yawo tsakanin 24 da ɗoriya da 30, musamman a na magariba da haske ya yi ƙasa. A wata hira ta minti 6, baki da murya sun rabu da kusan rabin sakan kafin a kai ƙarshe. An juya duka da -vf fps=25 da -ar 48000 zuwa ProRes LT, tsarin fayil na aikin tacewa, wanda ke cin kusan gigabait 38 a awa. Daga 30 zuwa 25 ana zubar da firem ɗaya cikin kowane 6. A hira ba a gani. A inda aka yi shara da waya daga gona zuwa gona ana ganin ɗan cije-cije, to waɗannan da ba magana a cikinsu an koma ga na asalinsu an fassara su a matsayin 25 a Interpret Footage, sun rage gudu zuwa kashi 83, kowane firem na nan.

Litinin, 20 ga Janairu

Hoton sama na madatsar yana da siririn baƙi sama da ƙasa, fiksel 34 kowanne. 4096x2160 ma'aunin silima ne, 1.896, ya fi 16:9 faɗi. An sa sikeli 50 daidai, ya zama 2048x1080, fiksel 64 suka fita kowane gefe. Na 29.97 an fassara su a 25 kamar na waya, rage gudun ma ya yi wa ruwan kyau. An gaya wa mai jirgin ya koma 3840x2160 a firem 25 a fita ta gaba.

Kwafi marasa nauyi da aka yi wa jirgin don kwamfuta ta iya ja, wato furoksi, an yi su a 1280x720, sai hoton ke canza siffa duk sanda aka kunna aka kashe su. An sake su a 1024x540, wanda rabonsa ɗaya da na asali. Na babbar kyamara 1280x720 daidai ne.

Wata 'yar kyamara da aka ɗaure a jikin injin ta ba da 1920x1088. H.264 na aiki da tubali mai fiksel 16, 1080 kuma ba ya rabuwa da 16, don haka 1088 ake rubutawa a sa alamar a ɓoye layi 8 na ƙasa. Wannan ba ta sa ba. An ƙara mata da -c copy -bsf:v h264_metadata=crop_bottom=8.

Laraba, 22 ga Janairu

An lura wasu hirarrakin babbar kyamara suna dushewa in an matso kusa da fuska, wasu ba sa yi, alhali kyamara ɗaya ce, rana ɗaya. Bambancin maɓalli ne. "Scale to Frame Size" na rage hoton 4K zuwa 1080 ya kira wannan kashi 100, duk ƙarin da aka yi bayan haka daga 1080 ɗin ake jansa. "Set to Frame Size" kuwa lambar sikeli kawai yake saukewa zuwa 50, fikselin asali na nan, ana iya matsowa har 100 ba a rasa komai ba. Sunayen sun yi kama, aikinsu ya sha bamban. An bi yanka 57 an cire na farkon, an kuma canza shi a Preferences, Media, Default Media Scaling, don sababbin da za a jawo.

Asabar, 25 ga Janairu

An kulle yankan, an fitar da XML, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin yankan, zuwa Resolve. An saita firem 25 da 1920x1080 tun kafin a shigo da ko fayil ɗaya, domin da zarar an fara aiki yawan firem na furojet ɗin kan kulle.

Duk hotunan 4K sun shigo ƙanana a tsakiyar allo, rabin girmansu. Resolve ya riga ya rage su don su dace da taimlayin, sannan ya ɗora 50 ɗin da Premiere ya rubuta a kai. A Project Settings, Image Scaling, wajen fayilolin da girmansu bai dace ba, an canza daga "Scale entire image to fit" zuwa "Center crop with no resizing", aka sake shigo da XML ɗin. Sun zauna. Akwai zaɓin "Stretch frame to all corners" a jerin, kada a taɓa shi, shi ne mai mayar da 4:3 faranti.

Don tabbatarwa, an fitar da kwafin shirin daga Premiere an ɗora shi a saman taimlayin ɗin Resolve, aka sa yanayin haɗawa a Difference. Inda biyun suka dace allo baƙi ne, inda suka saɓa sai gefunan abubuwa su yi haske. Yanka 6 suka nuna: 3 na wayar da aka juya, 2 na tsaye masu kwafi a baya, da 1 na HDV da ke manne da tsohon fayil marar alama. An gyara biyar da hannu, na shidan an sake haɗa shi da hdv3_gyara.

Talata, 28 ga Janairu

An fitar da gwaji na minti 3, an saka a fulash, an kalla a talabijin biyu da waya ɗaya. A ɗaya talabijin ɗin sunan wani ƙauye da aka rubuta a ƙasan allo ya gutsure, saboda akwatin na ɗan ƙara girman hoto ya cinye gefuna. An shigar da duk rubutu ciki, fiksel 96 daga hagu da dama, 54 daga sama da ƙasa, kashi 5 kenan kowane gefe. MediaInfo ya nuna fayil ɗin 1920x1080, 16:9, firem 25 tsayayye.

An fara yankan tsaye, sikwens 1080x1920. Ba daga shirin da aka fitar ake yanka ba, don daga can faɗin 608 kawai za a samu a ja shi zuwa 1080. Kwafin sikwens aka yi, hotunan 4K suna zama a kashi 88.9, taga mai faɗin 1215 daga cikin 3840. Auto Reframe, kayan aikin Premiere mai zaɓar inda za a yanka da kansa, ya bi fuskoki da kyau a hira, amma a wajen ban ruwa ya bar kwatar ya bi wani yaro da ke wucewa da keke, don haka waɗannan da hannu za a yi su. Bidiyon manoma na tsaye a nan suka samu gidansu, sikeli 100. Na DV da DVD ba za su shiga yankan tsaye ba.

Saura gyaran kalar minti 11 na ƙarshe, bidiyo 5 na WhatsApp da ba a samu asalinsu ba, za a ajiye su a 848x480 cikin ƙaramin akwati a gefen allo ba tare da an ja su ba, sai hoton sama na gonakin albasa da za a sake ɗauka ranar Alhamis in hazo ya sarara.